Ina zan koma da iyalina inda ba za a tsangwame mu kan ƙabila, addini ko jam'iyya ba?

"Assalamu alaikum Barista. Ni Bahaushe ne, Musulmi, ina zaune a garin da aka haife ni a arewa maso yamma. Matata 'yar kudancin Kaduna ce, ta musulunta kafin aurenmu, amma iyayenta da 'yan'uwanta Kiristoci ne, kuma muna zumunci sosai. 'Ya'yanmu uku. Duk lokacin da surukaina suka kawo ziyara sai unguwa ta ɗauki surutu, har yara kan dawo daga makaranta da maganganu marasa daɗi. A zaɓen 2023 na goyi bayan ɗan takarar da mutanen unguwarmu ba sa so, tun daga nan wasu suka daina amsa sallamata a majalisa. Sana'ata haɗa wutar sola ce, ko'ina zan iya yin ta. Ina neman gari a Najeriya mai jama'a iri-iri, inda mutum zai faɗi ra'ayinsa na siyasa ya kwana lafiya. Ina kake ganin ya dace da mu?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya albarkaci zuri'a, ya ƙara danƙon zumunci tsakaninka da surukanka. Idan na fahimce ka da kyau, kana neman wurin da 'ya'yanka za su tashi ba tare da wani ya sa sun ji kunyar kakanninsu na wajen uwa ba, inda maiɗakinka za ta sauki 'yan'uwanta hankali kwance, kuma ƙuri'ar da ka kaɗa ba za ta raba ka da mutanen da kuke sahu ɗaya a masallaci ba. Wannan buƙata ce ta halal, kuma ba kai kaɗai ke da ita ba. Yawancin aikina na lauya a kan filaye da gidaje ne a Kaduna da Jos da Abuja, na kuma zauna zaman sulhu a unguwanni bayan rikici. Iyalai irin naka sun sha zama a gabana, wasu suna neman inda za su koma, wasu kuma suna neman yadda za su rabu da gidan da suka gina da guminsu amma ba sa iya kwana a cikinsa.

Daga wurinsu na gane cewa sunan gari kaɗai ba zai ishe ka ba. A Kaduna ko Jos, tafiyar minti goma a keke napep za ta ɗauke ka daga layin da kowa zai yi maraba da surukanka zuwa layin da ko kai ko su, ɗaya ba zai so magariba ta riske shi ba. Don haka zan ambaci garuruwa, tunda su ka tambaya, amma nauyin amsata yana kan yadda ake gane unguwar da ke riƙe baƙonta a ranar da gari ya ɗauki zafi.

Abin da doka ta ba ka, da abin da ta riƙe

A rubuce, kundin tsarin mulki na 1999 yana bayanka. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a duk inda ya ga dama a faɗin ƙasar. Sashe na 43 ya ba shi 'yancin mallakar fili ko gida a ko'ina. Sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa ko asalin garinsu ko addininsa, kuma ya ambaci ra'ayin siyasa ƙarara a cikin jerin. Har ma sashe na 15 ya ɗora wa gwamnati ta ƙarfafa auratayya tsakanin mabambantan ƙabilu da addinai, wato irin gidan da ka kafa abu ne da tsarin mulki da kansa ya ce a yawaita, sai dai wannan sashe yana babi na biyu, wanda ba a tilasta wa gwamnati shi a kotu.

To amma wannan kundin dai shi ne ya buɗe ƙofar da ake bi a ware mutane. Ya ce a raba muƙamai tsakanin jihohi, ya ce a naɗa minista daga kowace jiha kuma ya zama ɗan asalinta, sannan sashe na 318 ya fassara zama ɗan jiha da cewa ɗaya daga cikin iyayen mutum ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da asalinta can ne. Daga nan takardar indijin, wato shaidar zama ɗan asalin wuri, ta samu ƙarfin da take da shi. Ofishin ciyaman na ƙaramar hukuma ke bayar da ita, kuma da ita ake neman aikin gwamnati, da tallafin karatu, da gurbin shiga soja ko ɗan sanda, da rangwamen kuɗin makaranta a jami'o'in jihohi da yawa. Za a iya haifar mutum a gari, a haifi ubansa a garin, yana biyan haraji a garin, a ce masa baƙo ne.

Kai da kake cin gashin kanka wannan ba zai taɓa aljihunka sosai ba, amma zai taɓa 'ya'yanka ranar da za su nemi jami'a ko aiki. Saboda haka kafin ka ɗaga ko tabarma ɗaya, ka karɓar wa kowannensu takardar ƙaramar hukumarku, kuma kada ɓacin ran yau ya sa ka yanke hulɗa da gida. Ita ma maiɗakinka ta riƙe tata ta kudancin Kaduna, domin matan da suka yi aure a wata jiha su ne suka fi faɗawa tsaka mai wuya a wannan tsari. A 2012 sai da aka jinkirta rantsar da Mai shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a kotun ɗaukaka ƙara, saboda an gabatar da ita a gurbin Abiya, jihar mijinta, alhali asalinta Anambra ce. Idan haka ta faru da alƙaliya, kana iya ƙiyasta halin mace talaka.

Akwai kuma wani giɓi da mutane ba sa lura da shi. Sashe na 42 yana magana ne kan doka da matakin gwamnati. Mai gidan haya da ya tambaye ka jiharku sannan ya ce an riga an kama gidan, da wuya ka ci nasara a kansa a kotu. Na ga an yi wa Bahaushe haka, na ga an yi wa Ibo, na ga an yi wa ɗan Tibi, kuma babu wanda ya samu wata doka mai kaifi da zai riƙa. Abin da ke kare mutum a irin wannan hali al'adar wurin ce.

Yawan ƙabilu daban, riƙon baƙo daban

Da yawan ƙabilu ne ke kawo zaman lafiya, da babu garin da zai kamo ƙafar Jos. Haƙar kuza ta tara mutane daga ko'ina tun farkon ƙarni na 20: Hausawa, Ibo, Yarbawa, Urhobo, har da Turawa, a kan ƙasar Birom da Anaguta da Afizere. Shekaru masu yawa ana zaune lafiya, ana auratayya, ana cin shinkafar Kirsimeti da naman Sallah tare. Abin ya fara tsami ne da aka zo kan wa zai riƙe kujera. An ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, a 1994 aka yi rikici kan naɗin shugaban riƙonta, a watan Satumba na 2001 naɗin jami'in shirin yaƙi da talauci ya zama sanadin tarzomar da ta ci rayukan kimanin mutum 1,000, sannan a Nuwamba 2008 zaɓen ƙaramar hukuma ya sake tayar da gari. Ka duba da kyau, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taso ne daga rabon muƙami ko ƙuri'a, addini kuma ya zama tutar da aka ɗaga.

Kaduna ma haka. Kafin rikicin shari'a na Fabrairu 2000 da rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya na Nuwamba 2002, Musulmi da Kirista suna cakuɗe a yawancin unguwanni. Bayan nan kogin Kaduna ya zama kamar iyaka: Musulmi suka taru a Tudun Wada, Rigasa, Kawo, Unguwan Sarki da Badarawa, Kiristoci kuma a Sabon Tasha, Television, Narayi, Romi da Gonin Gora. Har yau takardun da ke zuwa hannuna suna ɗauke da alamar wancan lokaci, inda za ka ga gida ya canja hannu a farashin da bai kai rabin kimarsa ba, ko mutum biyu sun yi musayar gidaje, wannan ya haura arewa, wancan ya gangara kudu. Idan ka ƙirga ƙabilun Kaduna a yau za ka samu suna nan cif, sai dai da yawansu ba sa shan ruwan famfo ɗaya kuma.

Amma a cikin waɗannan garuruwa biyu akwai wuraren da suka tsaya da ƙafafunsu, kuma su ne darasin da nake so ka ɗauka. Dadin Kowa, a kudancin Jos kan hanyar Bukuru, unguwa ce ta Musulmi da Kirista, kuma ko a Janairu 2010 da wuta ta kewaye ta, ba a yi kashe-kashe a cikinta ba. Masu bincike sun bi diddigin dalili. Dattawan ɓangarorin biyu sun san juna tun kafin rikici, sun yi alkawarin kowa ya tsawata wa nasa matasa, mata sun riƙa kai rahoton duk wani motsi, kuma an hana 'yan wata unguwa shigowa su kunna wuta. Barnawa a Kaduna ita ma ta ci gaba da zama a cakuɗe bayan yawancin garin ya rabu. Abin da ya haɗa irin waɗannan wurare shi ne jama'arsu suna da abin da suke yi tare kullum: ƙungiyar mazauna unguwa, 'yan sintiri na haɗin gwiwa, kasuwa ɗaya, makaranta ɗaya, adashin mata. Inda mutane ke zaune gefe da gefe amma kowa da kasuwarsa da makarantarsa da 'yan bangarsa, jita-jita ɗaya ta isa.

Garuruwan da zan sa a gabanka

Idan aljihu zai ɗauka, Abuja da kewayenta zan fara ambata maka. Tun da gwamnatin Murtala Muhammad ta kafa yankin a 1976, aka kuma dawo da fadar gwamnati a Disamba 1991, an tsara shi ne ya zama na kowa, kuma a wannan fuska ya yi nasara fiye da ko'ina a ƙasar. A Kubwa ko Gwarinpa ko Lugbe ko Karu, iyali irin naka ba labari ba ne. A bene ɗaya za ka samu ƙabila biyar. Siyasar wurin ma ba ta hannun jam'iyya ɗaya. A zaɓen ƙananan hukumomi shida na 2022, APC da PDP uku-uku suka raba, a 2023 kuma Peter Obi ya lashe ƙuri'ar shugaban ƙasa a yankin, Ireti Kingibe ta jam'iyyar Labour ta karɓe kujerar sanata. Inda kowace jam'iyya ta taɓa ɗanɗana faɗuwa, mutane kan koyi haƙuri da mai saɓanin ra'ayi. Kasuwar sola kuwa a buɗe take.

Aibin Abuja tsada da matsalar fili. Haya ta shekara ake biya a dunƙule, ga la'adar dillali da kuɗin lauya a kai. Ƙasar yankin gaba ɗaya ta gwamnatin tarayya ce, kuma kotuna sun yanke cewa takardar da sarki ko dagaci ya bayar ba ta zama mallaka a can. Sai wadda ta fito daga ofishin minista, wadda za a iya tantancewa a AGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja. Mutane da yawa sun yi kukan rusau saboda sun sayi fili a hannun wanda ba shi da ikon sayarwa. Ka kuma sani Mararaba da Masaka a Nasarawa suke, Suleja da Madalla a Neja, don haka dokar filayensu da siyasarsu daban. Ta fuskar tsaro, yankin Bwari ya sha fama da masu garkuwa da mutane, musamman a farkon 2024. Sannan Gbagyi da Gwandara da Gade da Koro da Bassa da sauran 'yan asalin yankin suna da ƙorafi na gaskiya kan ƙasarsu da aka karɓa. Wanda ya zo ya zauna ya kamata ya san da wannan, ya girmama su.

Na biyu a wurina Kaduna ce, duk da abin da na faɗa a sama, kuma dalilin yana cikin tambayarka. Surukanka suna kusa, Hausa ita ce harshen kasuwa ga Musulmi da Kirista, haya kuma ta fi ta Abuja sauƙi nesa ba kusa ba. Garin ya sha wuya har ya koyi wasu abubuwa. A nan Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suke gaba da juna, suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai a shekarun 1990, a zamanin gwamna Nasir El-Rufai kuma aka kafa hukumar zaman lafiya ta jiha, gwamnati ta kuma ce da mazauni za ta riƙa aiki maimakon ɗan asali, ta kafa hukumar rajistar mazauna. Takara a jihar tana da zafi ƙwarai: a 2023 APC ta riƙe kujerar gwamna da ƙyar, PDP ta kwashe kujerun sanata uku. Sai dai a Kaduna ƙuri'a tana yawan bin layin addini, kuma wannan ne ya sa zaɓen unguwa ya fi muhimmanci a nan fiye da ko'ina. Barnawa, Unguwan Rimi da Malali su ne wuraren da zan fara leƙawa da ina matsayinka.

Ilorin mutanenmu ba sa yawan tunawa da ita, alhali ta cancanta. Masarauta ce mai tushen Fulani, harshenta Yarbanci, ga Nufawa da Barubawa, ga unguwar Gambari mai asalin Hausawa. Musulunci yana da ƙarfi, don haka ba za ka ji kanka a baƙon wuri ba, Kiristoci kuma suna da yawa, musamman a sababbin unguwanni irin Tanke da Fate. A 2019 talakawan Kwara sun kawar da gidan siyasar Saraki da ƙuri'a a guguwar "O to ge", wato "ya isa haka" da Yarbanci, ba tare da gari ya kama da wuta ba, kuma wannan shaida ce mai nauyi. Tana da nata tabon: rigimar hijabi a makarantun mishan ta 2021 ta kai ga jifa da rufe makarantu, a 'yan shekarun nan kuma masu garkuwa sun addabi wasu ƙananan hukumomin jihar. Dole kuma ku koyi Yarbanci.

Legas ita ce inda bambancin addini a cikin gida ɗaya ba ya ɗaga wa kowa gira, domin a dangin Yarbawa da yawa akwai Alhaji akwai Fasto. Jihar ta taɓa ba waɗanda ba 'yan asalinta ba manyan muƙamai, kamar Ben Akabueze, Ibo, da ya daɗe yana kwamishinan kasafi. Hausawa sun kafu a Agege da Idi-Araba da Mile 12 shekaru aru-aru. Amma a can layin da ake ja na ƙabila ne. An yi rikicin Ketu a 1999, na Idi-Araba a 2002, na Mile 12 a 2016, kuma a zaɓen gwamna na Maris 2023 masu sa ido sun ba da rahoton an tsorata masu zaɓe a wasu rumfuna saboda ƙabilarsu. Ga wanda matsalarsa ta haɗa da 'yancin kaɗa ƙuri'a, wannan abin dubawa ne.

Jos kuwa ina ƙaunarta, iskarta da makarantunta da mutanenta, kuma a Rayfield ko Dadin Kowa za ku iya zama lafiya. Amma ba zan sa ta a gaba ga Bahaushe sabon zuwa mai ƙananan yara ba, domin maganar ɗan asali da baƙo ba ta mutu ba, kuma rikicin ƙauyukan Filato yakan jefa gari cikin dokar hana fita. Kano tana da siyasa mai rai tun zamanin NEPU, gwamnati mai ci ta sha faɗuwa a akwati, kuma sunayen unguwanni irin Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa shaida ne cewa garin ya iya haɗiye baƙo. Sai dai baƙon da take haɗiyewa Musulmi ne. Kirista yawanci Sabon Gari da 'yan wasu unguwanni yake komawa. Kai za ka saje cikin mako guda, surukanka kuwa za su ci gaba da zama abin kallo a yawancin unguwanni.

Yadda ake auna unguwa

Abu na farko da nake sa mutane su yi shi ne duba sakamakon rumfar zaɓen layin da suke so. INEC tana ɗora hoton takardar sakamakon rumfuna a shafinta na IReV, wakilan jam'iyyu na mazaɓa ma suna riƙe da kwafi. Idan ka ga jam'iyya ɗaya ta kwashe kusan duka ƙuri'un rumfa, ko dai mutanen wurin iri ɗaya ne, ko kuma masu wani ra'ayi sun ji tsoron fitowa. Idan ka ga jam'iyyu uku kowace ta samu rabo mai kauri, to maƙwabta sun saba da saɓani. Wannan ya shafe ka ta ɗaya fuskar ma. Idan ka je neman unguwar da kowa ya zaɓi wanda ka zaɓa, ka koma irin wurin da ka baro ke nan, sai dai yanzu kai ne a ɓangaren masu rinjaye, kuma ranar da ra'ayinka ya canja za ka sake zama saniyar ware. Lokacin kamfe ka dubi bango: inda fastocin 'yan takara daban-daban suka kwana a manne kusa da juna ba a yage ba, alama ce mai kyau.

Bayan haka ka je makarantar firamaren da 'ya'yanka za su shiga, ka nemi ganin rajistar aji, ka karanta sunaye. Ka tambayi yadda ake koyar da darasin addini, da abin da ake yi da yaron da ba ya cikin masu rinjaye a lokacin. Ka shiga kasuwa ka ji su wane ne shugabannin 'yan kasuwa. Ka tambayi su wa ke cikin 'yan sintiri, kuma wa ke karɓar kuɗin tsaro na wata. Ka tambayi inda Musulmi ke binne mamatansu da inda Kirista ke binne nasu, domin al'ummar da aka hana ta maƙabarta ko filin ɗakin ibada ba a karɓe ta ba tukuna, ko da ta shekara hamsin a wurin. Ka je ranar Juma'a, ka koma ranar Lahadi, ka ga yadda ake yi da tare hanya da lasifika, domin daga nan ƙananan rigingimu da yawa ke farawa.

Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: a watan Afrilun 2011, da aka yi tarzomar bayan zaɓe wadda ta ci rayuka sama da 800 a jihohin arewa, me ya faru a wannan layin? Ko kuma duk wani rikici na baya-bayan nan da garin ya gani. Wa ya gudu, wa ya ɓoye wa, waɗanda suka gudu sun dawo? Kada ka yi wa dillali wannan tambaya, shi la'adarsa yake nema. Ka yi wa wanda yake cikin marasa rinjaye a wurin: mai kemis Ibo a unguwar Hausawa, mai shayi ko mai nama Bahaushe a unguwar Kirista. Su ne suka san zafin wurin da sanyinsa. Kuma ka tafi da maiɗakinka. Abin da mata za su gaya mata a wurin kitso ko wurin ɗiban ruwa, kai ba za ka taɓa ji a majalisar maza ba, kuma ita ce za ta wuni a unguwar kana wurin aiki.

Gida mai arha fiye da kima a kan iyakar unguwanni biyu masu gaba, ka yi hattara da shi. Wani magidanci ya taɓa kawo mini takardun irin wannan gida yana murna. Takardun ba su da aibi ko ɗaya, amma da muka bincika sai muka tarar layin ne ake fara ƙonawa duk lokacin da aka yi tashin hankali, shi ya sa mai shi ke neman kai da shi. A ɗaya ɓangaren kuma, unguwannin da suka taso a gefen jami'a, ko asibitin koyarwa, ko bariki, ko ma'aikatun tarayya, kamar Samaru a Zariya, sukan fi zama a cakuɗe, domin aiki ne ya tara mutanen, ba dangi ba.

Iyakar abin da zan iya lamunce maka

Babu lauya ko malami da zai ba ka tabbacin wuri a Najeriyar yau. Sabo ta Ibadan ta haura shekara ɗari da kafuwa, amma a Fabrairu 2021 rigimar mutum biyu a kasuwar Shasha ta raba ɗaruruwan 'yan arewa da dukiyarsu. Abin da na zayyana maka yana rage haɗari ne kawai. Kuma abin da na faɗa kan Kaduna da Jos da Abuja daga aikin hannuna ne, na Ilorin da Legas kuwa daga ziyara da abokan aiki da waɗanda na yi wa aiki, don haka a can ka ƙara neman bakin mazauna.

Saboda wannan, kada ka sayar da gidanka na gida, kada kuma ka sayi wani da wuri. Ka kama haya, ka zauna har zaɓe ɗaya ya wuce a kan idonka, ka ga yadda maƙwabta suka wayi gari washegarin sanar da sakamako. Da ka sauka ka kai gaisuwa wurin mai unguwa, ka shiga ƙungiyar mazauna ka riƙa biyan kuɗinta, ka je jana'iza da biki na kowane ɓangare gwargwadon abin da addininka ya yarda, ka koyi gaisuwa da harshen masu ƙasa, ka kuma cire bakinka daga rigimar sarautarsu. Ka daidaita tashin da hutun ƙarshen zangon karatu don kada yara su yi asarar aji, sannan ka nemi INEC ta mayar da rajistarka sabuwar mazaɓa tun da wuri, domin takan rufe wannan aiki watanni kafin ranar zaɓe.